"Kin rame, lafiya kuwa?" Wace amsa ake ba masu irin wannan magana?

Gimbiyar_Zaure: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni, kuma masu sani nake so su amsa, ba masu barkwanci ba. Mutum ne siriri, haka ya taso, yana ci yana sha, ba ya ciwon komai. Amma duk suna, duk biki, duk gaisuwar Sallah sai an samu mai cewa "kin rame, lafiya kuwa?" ko "maigidan ba ya ba ki abinci ne?" ko "kin ƙare kamar kuɗin guzuri". Namiji kuma a ce masa ya riƙe ƙarfe kada iska ta ɗauke shi. Wace amsa ce ba ta zama rashin kunya ba, kuma ba ta bar wa mutum ƙofar sake maimaitawa ba? Sannan yaushe ne maganar mutane take da ƙamshin gaskiya har ya kamata a je asibiti?

Dan_Tasha_07: Ki ce "na gode" ki wuce. Bakin mutane ba ya rufuwa, ko ƙiba ta yi cewa za su yi ta yi teɓa.

Nas_Mai_Aikin_Dare: Wa alaikumus salam. Kafin a zo kan amsa, a raba abu biyu da Bahaushe ya riga ya raba a bakinsa: siriri daban, ramamme daban. Siriri halitta ce. Rama kuwa sauka ce daga inda jiki yake a da. Masu magana su ne suke cakuɗa su.

Ga yadda ake dubawa a gida. A auna nauyi da kilo, a auna tsayi da mita. A ninka tsayin da kansa, sai a raba nauyin da abin da ya fito. Misali mace mai tsayin mita 1.62 da nauyin kilo 47: 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, sai 47 a raba da 2.62, ya ba da 17.9. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 nauyi ya gaza, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne. Ku lura, wannan matar kilo biyu kacal ke tsakaninta da daidai. Da yawa daga waɗanda ake ce wa kazar mayu in an auna su 19 ko 20 ake samu, wato lafiyarsu ƙalau, idon masu kallo ne ya saba da cika.

Abin da ya fi wannan lissafin muhimmanci shi ne canji. Wanda ya zubar da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa a cikin wata shida zuwa shekara ba tare da ya nema ba, ya je a duba shi. Mai kilo 50, kilo biyu da rabi ke nan.

Ummu_Tagwaye: Nas, wannan lissafin har da masu ciki?

Nas_Mai_Aikin_Dare: A'a. Ban da mai ciki, ban da yaron da bai kai shekara 18 ba, su nasu jadawalin daban ne.

Hajiya_Uwar_Biki: Ni bari in ɗan kare gwaggonnin nan da ake zargi. 'Yata Gimbiya, ba duk "kin rame" ba ce cin fuska. In dattijuwa ta ja amarya gefe ta ce "kin rame, lafiya kuwa?" ba jikin take tambaya ba, gidan take tambaya. Nufinta ana zaune lafiya? Ana cefane? Uwar miji ba ta takura ba? Ko an samu ƙaruwa ne laulayi ya sa ki gaba? Kunya ce ta hana ta tambaya kai tsaye, sai ta bi ta jiki. To in kin tsaya kina yi mata bayanin kilo da mita, ba ki amsa abin da ta tambaya ba, gobe ma za ta sake. Amsa mata ainihin tambayar: "Lafiya lau Gwaggo, muna zaune lafiya, ba abin da na rasa. Jikin ne irin na su Inna." Kin kwantar mata da hankali, kin kuma jingina abin ga jinin gidanku, wanda ita ma ta sani. Da wuya ta ƙara.

Yadda za ki gane mai kulawa: ita a keɓe take yi, da murya ƙasa. Mai son a yi dariya kuwa sai ta bari ɗaki ya cika.

Gimbiyar_Zaure: Hajiya na gode, wannan ya shige ni. To ita mai jiran ɗaki ya cika fa?

Hajiya_Uwar_Biki: Ita ba a ba ta abin da ta zo nema. Dariyar ɗaki take so, ko ta ga fuskarki ta canza. Ki dube ta ki ce "haka Allah Ya yi ni, Anti," ba murmushin neman afuwa, ba ɗaure fuska, ki juya ga ta kusa da ke ki ɗauko wata hira. Wanda aka ce masa haka Allah Ya yi, in ya ƙara magana ya san da wa yake ja. In ta maimaita a wani taron, kada ki rama a gaban mutane in ta girme ki, ke za a ba rashin gaskiya. Ki same ta ita kaɗai: "Anti, maganar jikin nan da kike yi a cikin mutane ba ta yi mini daɗi, don Allah a bar ta." Jimla ɗaya, ba tarihi. In ta ce wasa take, ki ce "na sani, amma a bar shi." In abin ya ƙi, a bi ta hannun wadda take jin nauyi, mahaifiyarki ko babbar yayarsu.

Baban_Soro: Hajiya ta yi daidai, sai dai ta manta da abokan wasa. Taubashi, kaka, ƙanin miji, matar wa, waɗannan in ka ɗaure musu fuska kai ka faɗi. Su ramawa ake yi daidai da nauyin tasu. Taubashi ya ce maka sillen kara, ka ce da kara ake yin darni, tulu kuma sai an ɗauke shi. An yi dariya an wuce. Amma wasa yana da iyaka ko a al'ada. In ya taɓo cuta, ko rashin haihuwa, ko ya ce miji zai ƙaro mai cika ido, ya fita daga wasa, kuma ya halatta ka tsayar da shi nan take.

Yar_Gayu_Kawai: Ni dai ban ga abin wahala ba. Akwai magunguna a kemis, sati biyu mutum ya ciko, kowa ya yi shiru. Me ya sa za a zauna ana tsara amsa?

Mai_Kemis_Na_Layi: Yar_Gayu, tsaya nan, don wannan shawarar ita ce take kai mutane gadon asibiti. Abin da ake kira sha-ka-fashe galibi ɗayan biyu ne, ko a haɗa su.

Na farko dexamethasone ko ɗan'uwansa prednisolone. Magani ne na gaske, likita yana ba da shi don asma mai tsanani, kumburi da wasu cututtuka, na ƙayyadadden lokaci. Abin da yake yi wa mai sha don ƙiba: yana riƙe gishiri da ruwa a jiki, yana buɗe ciki, yana kuma kwashe kitse ya tara shi a fuska, ƙeya da tumbi, alhali yana cinye naman hannu da cinya. Shi ya sa za ka ga fuska ta yi zagaye kamar faranti, tozo ya fito a bayan wuya, ciki ya yi gaba, ƙafafu kuma sun ƙara sirancewa. Wato inda ake so ya cika ɗin nan ne ma yake raguwa. Bayan haka sai nankarwa mai faɗi ja ko shuɗi-shuɗi a ciki da cinya wadda ba ta gogewa, ƙuraje, hawan jini, hawan suga, gyambon ciki, ƙashi ya yi laushi, al'ada ta rikice, garkuwar jiki ta faɗi har ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Wanda yake da ƙwayar tarin fuka a kwance a jikinsa, wannan maganin yana iya tayar da ita.

Na biyu cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura ne wanda yake sa yunwa. Shi ne a cikin ruwan maganin nan Apetamin da ire-irensa. Yana kawo barci mai nauyi da jiri, mai tuƙi ko ɗan acaɓa ko mai aiki da inji yana cikin haɗari, kuma an samu waɗanda ya taɓa musu hanta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan Apetamin a 2023. Da an daina kuma cin abincin yake komawa yadda yake.

Mafi muni su ne haɗe-haɗen da ake sayarwa a roba ba suna ba lamba, a ce na gargajiya ne, garin hips ko tsumin ƙiba. Ba wanda ya san me aka daka a ciki. In garin ya sa fuska ta kumbura cikin kwana goma, to ba ganye ne ya yi wannan aikin ba. Abin da ba shi da lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki, kada ya shiga baki.

Yar_Gayu_Kawai: To wadda ta riga ta fara fa, ta watsar kawai?

Mai_Kemis_Na_Layi: A'a, kuma wannan ya fi komai muhimmanci a abin da na rubuta. Wadda ta sha dexamethasone kullum sama da sati uku kada ta yanke rana ɗaya. Jiki yana da wasu ƙananan halittu a saman ƙoda masu samar da irin wannan sinadarin da kansu. In ana ba su daga waje sai su kwanta. An yanke kwatsam, ba na waje ba na ciki, sai kasala mai tsanani, amai, jiri, jini ya faɗi ƙasa, har a rasa rai. Ta ɗauki kwalin ko robar ta kai wa likita, ta faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana sha da guda nawa a rana. Shi zai tsara yadda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ya auna suga da jini. Ɓoye wa likita shi ne yake ɓata aikin, don zai yi ta neman cutar a wani wuri.

Malam_Na_Tsangaya: Allah Ya saka wa mai kemis. Ta fuskar addini maganar a bayyane take. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana wasu su yi wa wasu izgili, maza da mata kowa an ambace shi daban, ta kuma hana jifan juna da sunayen banza. Kiran mutum tsinke ko muciya alhali ba ya so yana ciki. In a bayan idonsa ne kuma ya koma giba, aya ta 12.

Akwai kuma abin da ya faru da Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi. Mutum ne siriri. Ya hau bishiya zai tsinko asuwaki, iska ta kaɗa shi, sahabbai suka ga sirantar ƙwaurinsa suka yi dariya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi abin da ya ba su dariya, sannan ya shaida musu cewa ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Imamu Ahmad ya ruwaito. Wanda ake yi wa gori ya riƙe wannan. Amma kada ya mai da shi sandar dukan iyayensa a tsakiyar taro, nasiha ma tana da wurinta.

Dalibar_Islamiyya: Malam, amma ai akwai ruwayar Nana A'isha cewa mahaifiyarta ta so ta yi ƙiba kafin ta tare, har aka ba ta kokwamba da ɗanyen dabino. Wannan bai nuna neman ƙiba ba laifi ba ne?

Malam_Na_Tsangaya: Haka ne, tana cikin Abu Dawuda da Ibnu Majah. Ba wanda ya ce neman cikar jiki haramun ne. Ki dai duba da me aka nema: abinci, a hannun uwa, a cikin gida. Ba gori a bainar jama'a ba, ba kuma abin da zai cutar ba.

Mai_Ilimin_Abinci: Tunda an zo nan, ga wanda shi da kansa yake son ya ƙara, ba don bakin Anti ba, kuma an duba ba cuta. Lissafin ba shi da wuya: ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana a kan abin da aka saba ci, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Wannan yana ba da kamar kwata zuwa rabin kilo a sati. Wanda ya yi maka alkawarin kilo biyar a sati ruwa zai tara maka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika faranti da tuwo a ce sai an cinye. Siririn mutum cikinsa saurin cika yake, ya ƙoshi tun a rabi, ya tsani abincin. Ba girman faranti ake ƙarawa ba, nauyin abin da ke ciki ake ƙarawa, a kuma ƙara yawan lokutan ci, sau biyar ko shida maimakon biyu ko uku. Soyayyiyar gyaɗa cikin tafin hannu, kamar giram 30, kalori 170 ce. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja a kan wake ko ɗanwake, 120. Dafaffen ƙwai ɗaya wajen 75. Ayaba ɗaya wajen 100. Dabino biyar sun haura 100. Madarar gari mai kitse babban cokali uku a cikin kunu, sama da 100. Ka ga kofin kunun gyaɗa da madara da hantsi, sannan gyaɗa da ayaba da la'asar, an riga an cike gibin ba tare da an taɓa abincin rana da na dare ba. Fura da nono kafin barci ma tana aiki sosai.

Ga garin kunu da ake haɗawa a gida, wanda ake kira Tom Brown: gwangwani 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko a gauraya, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. A jiƙa waken suya, a murje ɓawon, a shanya ya bushe sarai, a soya shi sama-sama har ya yi ƙamshi. In bai soyu ba yana kumbura ciki, ga ƙarni. Hatsin da gyaɗar ma a soya kowanne daban, a haɗa a niƙa. A dama kamar koko, a bar shi ya dahu a wuta minti kaɗan. Kada a niƙa na fiye da sati biyu zuwa uku, man gyaɗar yana sa shi ya yi ɗaci. Gyaɗar da ta yi funfuna ko ta canza launi a tsince a zubar, tana da dafin da yake lalata hanta kuma suya ba ta kashe shi.

Abubuwan da suke kashe cin abinci ba a lura: shan ruwa kofi biyu dab da ci, lemon kwalba, goro, sigari, kofi, da shayi mai kauri a maimakon karin kumallo. Ruwa a bari sai bayan an ci.

Dan_Tasha_07: Lemon kwalba ai shi ke sa ƙiba, ya za a ce a bari?

Mai_Ilimin_Abinci: Yana sa tumbi da ruɓewar haƙori, ya kuma toshe wurin abincin kirki. Siriri ma yana kamuwa da ciwon suga, kada a ruɗe ka.

Kocin_Unguwa: In ƙara a kan na mai abinci. Ci kaɗai ba motsi, ƙarin a ciki zai taru. Mai son kafaɗa da cinya su cika sai ya ba naman jiki aiki. Kwana uku a sati ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani, don a lokacin hutu nama yake ginuwa. Ba sai an je gidan motsa jiki ba: tsugunno da miƙewa, dannan ƙasa da hannu, ɗaga jarkar ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka mai lita biyar kilo biyar ke nan, ka san abin da kake ɗagawa. Kowanne a yi sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya ko biyu, a maimaita zagaye uku. In 12 ta zama wasa a ƙara nauyi. Dogon gudu kullum a rage shi a wannan lokacin. Wake, ƙwai, awara, kifi, nono su riƙa shiga kowane ci. Awo sau ɗaya a sati, da safe kafin a ci komai, a sikeli ɗaya. Mai hawa sikeli kullum hankalinsa kawai zai tayar, don nauyi yana motsi da kilo guda tsakanin safe da dare.

Maza kuma masu ganin tumbi shi ne alamar kuɗi ya zauna: ƙugun namiji in ya wuce santimita 94, na mace 80, haɗarin suga da hawan jini ya fara hawa. Sau da yawa mai yi wa siriri gori shi ya fi buƙatar ganin likita.

Gimbiyar_Zaure: Kun ga yadda hirar ta koma yadda za a yi ƙiba? Abin da nake gudu ke nan. Tambayata ta wanda ba ya son ya canza ce, so yake a ƙyale shi.

Mai_Nasiha_A_Makaranta: Gaskiyarki, kuma haka ake yi wa sirara a gida ma, su kawo kukan gori a miƙo musu kofin kunu. Ga abin da yake aiki. A zaɓi jimla ɗaya a riƙe ta, kada a riƙa canzawa. "Lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi." An sake, a sake ba da ita da murya iri ɗaya. Dalili shi ne duk sabon bayani sabuwar ƙofa ce. Kin ce "ina ci sosai," za a ce me kike ci. Kin ce "na je asibiti," za a ce wane, me suka ce, ga wani mai magani a kasuwa. Jimlar da ba ta da reshe ba a samun wurin kamawa.

Kada kuma a riga mutane zagin kai. Wasu tun kafin a yi magana sun ce "ga tsinkenku ya zo," don su rage zafin. Wannan lasisi ne aka raba wa kowa.

A wurin aiki ko makaranta ba zumunci ne ya haɗa ku ba, don haka ba sai an yi kwana-kwana ba: "Ba na son ana maganar jikina." In abokin aiki ya ci gaba, musamman namiji ga mace, a rubuta rana da abin da ya faɗa da waɗanda ke wurin, sau biyu ko uku, sannan a kai wa shugaba. A Facebook, Instagram da TikTok akwai wurin tace kalmomi a saitin sharhi, a zuba kalmomin da aka saba jifa da su, sharhin ba zai bayyana ba. Wanda ya nace a toshe shi, ba a bin sa bashin bayani.

Sai a lura da kai. In gorin ya kai mutum ya daina zuwa taro, ko yana sa riga biyu a zafin bazara don ya cika ido, ko ba ya iya ci in ana kallonsa, to abin ya wuce a ce a share, ya samu wanda zai yi magana da shi. Damuwa kanta tana kashe cin abinci, sai ramar ta ƙaru, gorin ya ƙaru.

Tela_Mai_Zare: Ta ɓangarenmu, masu son ɓoye siranta su suka fi tona ta. Riga burmeme tana sa wuya da hannu su ƙara fitowa kamar an rataye ta a ƙusa. A ɗinka daidai kafaɗa, wannan shi ne asali. Yadi mai tsayuwa, atamfa mai kauri ko shadda, ya fi mai zubowa ya manne. Tattara a ƙugu, hannu mai ɗan kumbura, zane mai manyan fure ko layi a kwance, duk suna ƙara cika. Maza a sa 'yar ciki a ƙarƙashin kaftani, kada wuyan ya yi faɗi. Wannan ga mai so ne, Gimbiya, kada ki ce na koma wancan layin.

Nas_Mai_Aikin_Dare: Bari in cike rabin tambayar da ban gama ba, na yaushe za a saurari mutane. In mutum uku da ba su haɗa baki ba, waɗanda suka san ka da daɗewa, suka ce ka rame a cikin wata ɗaya, ko zobe da siket sun fara zamewa, hau sikeli. Kuma a je asibiti ba jira in ramar ta zo da ɗaya daga cikin waɗannan. Tari ya kai sati biyu, zufa da dare, zazzaɓin yamma: a gwada majina don tarin fuka, gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin wata shida ne kuma ba a yankewa. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari har da dare: a auna suga. Ci kamar gara amma ana ramewa, bugun zuciya, rawar hannu, jin zafi kullum, ko kumburi a maƙogwaro: a duba sinadarin maƙoshi. Gudawa da ta ƙi tsayawa, baƙin bayan gida ko jini, abinci yana tsayawa a wuya, ciwon ciki mai tashin mutum daga barci. Mace al'ada ta ɗauke wata uku ba ciki. Gwajin ƙanjamau ma a yi, a sirrance ake yi. Tsutsar ciki kuwa albendazole mai miligiram 400 guda ɗaya ake taunawa, ban da mai ciki a wata ukun farko.

Akwai kuma wadda take ramewa da gangan, tana ɓoye abinci, tana ganin kanta da ƙiba alhali ƙashin wuya ya fito, ko tana sa yatsa ta yi amai bayan ci. Wannan cuta ce, ana samunta a cikinmu, kuma "ci mana" ba ya maganinta. Likita take buƙata.

Baban_Soro: Maganar ƙanjamau da Nas ta taɓo, ita ce mafi dafi a cikin gorin. "Anya kuwa ba ciwon nan ba ne?" Wannan ba tsokana ba ce, ƙazafi ne, yana fasa baiko yana kashe aure. Wanda aka yi wa ita kada ya yi dariya ya wuce. A tsayar da mai maganar a gaban wanda ya ji: "Me ka ce? Maimaita." Yawanci a nan suke janyewa. In ta yaɗu a kai wa manya ko mai unguwa tun da wuri.

Nas_Mai_Aikin_Dare: Kuma ido ba ya gane ta. Mai shan maganinsa daidai jikinsa kamar na kowa yake.

Ummu_Tagwaye: Yara fa? Ana yawan ce wa uwa ɗanta ya rame, nononta ba shi da kyau, har ta fara ɗura masa abin da bai kamata ba tun bai kai wata shida ba.

Nas_Mai_Aikin_Dare: Uwa ta amsa da katin awo, ba da baki ba. In layin nauyin yaro yana hawa wata bayan wata, siriri ne kawai. In ya tsaya ko ya sauka, a nan ake bincike. Daga wata 6 zuwa shekara 5 ana auna damtse da tef mai launi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, a kai shi ranar. Daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa. Ƙafa biyu sun kumbura, in an danna wurin ya lotsa, shi ma gaggawa ne ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Kafin wata shida nono zalla. Maganin buɗe ciki kuma kada a ba yaro sai likita ya rubuta.

Mai_Kemis_Na_Layi: Tunda an ambaci tamowa: madarar gyaɗar nan ta leda da ake ba yara masu tamowa, manya su daina saye suna sha don ƙiba. Ba ta sayarwa ba ce, duk ledar da ka gani a kasuwa daga bakin wani yaro aka karkato ta. Kalori 500 ne a leda ɗaya, abin da kunun gyaɗa da madara da ayaba biyu za su ba ka.

Hajiya_Uwar_Biki: Mai_Nasiha, jimla ɗayar nan taki tana aiki ga sa'a da abokin aiki. Amma a gwada maimaita wa uwar miji "lafiyata ƙalau" sau uku da murya ɗaya a ga yadda za a kwashe. Ita ɗanta ne zai yi mata magana, ba surukar ba. Ya ce "Hajiya, haka na gan ta na aura, kuma haka nake so." In ya yi shiru ana yi a gabansa, to matsalar ba a wajen uwar take ba.

Mai_Nasiha_A_Makaranta: Na karɓi gyara a kan uwar miji. Amma in mijin ne da kansa mai gorin fa, Hajiya? Don gorin miji ne yake tura matan aure da yawa wajen mai kemis.

Hajiya_Uwar_Biki: Wannan zance ne mai tsawo, kuma ba a tsakar gida ake yin sa ba. Ta bari sai sun keɓe, ba lokacin da ya faɗa ba, ta tambaye shi kai tsaye me yake so. In cika yake so, ga lissafin mai abinci can a sama, ƙwai da madara da nono ba a sama suke faɗowa ba, sai ya ƙara kuɗin cefane.

Yar_Gayu_Kawai: Mai kemis, in mutum ya yi sati biyar yana sha, asibitin gwamnati zai je ko kowane likita ya isa?

Mai_Kemis_Na_Layi: Kowane likita mai rajista ya isa. Kada dai a tsallake shan na gobe kafin a gan shi, kuma a tafi da kwalin.